A Riƙa Auna Tsokar Ƙasan Mara Bayan Haihuwa

Ya Edita,

Ni ungozoma ce. Mata da dama kan raɗa mini cewa fitsari na kufce musu in sun yi tari ko atishawa, sun ɗauka gadon haihuwa ne. Galibi tsokar ƙasan mara, wadda ke tallafe mafitsara, ita ce ta saki, kuma ana auna ƙarfinta. Ma'aikaciya ta sa safar hannu, ta saka yatsa a gaban mace, ta ce mata ta matse kamar mai riƙe fitsari, sai ta ba da maki daga 0 zuwa 5. Akwai na'urar auna matsi irin wadda Dakta Kegel na Amurka ya fito da ita a 1948, amma yatsa bai buƙatar kuɗi ko lantarki.

Ina roƙon ma'aikatar lafiya ta jiha ta sa wannan awo cikin dubawar bayan arba'in, mace ta duba mace.

Wata ungozoma,
Tudun Wada, Kaduna