Filaya ƙirar gida: inda ake samun ta da yadda ake gane ta ƙwarai

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin mu yi wa 'yan uwanmu masu sana'ar hannu bayani a kan wani ƙaramin kayan aiki da ba a rasa shi a akwatin makaniki, da kafinta, da mai ɗaurin rodi, da mai wayarin, wato filaya da danginta irin su awartaki. Tun da gwamnati ta fito da umarni mai lamba 003 a 2017 cewa ma'aikatu su fifita kayan gida wajen saye, aka kuma ƙara jaddada manufar a 2025, mutane da dama na tambayar ina za su sami filaya ƙirar Najeriya. Niyyar mai kyau ce, kuma muna goyon bayanta ɗari bisa ɗari. Amma wanda ya shiga kasuwa da niyya kaɗai ba tare da sanin ƙarfe ba, ko dai a sayar masa da ta waje da sunan ta gida, ko ya sayi ta gidan ya sa ta aikin da ba nata ba.

Mafi yawan filayar da ke rataye a shagunan Sabon Gari da Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, shigo da ita aka yi, galibi daga Sin, kaɗan daga Indiya, sai 'yar gwanjo daga Turai. Suna irin namu a jikin kwali bai isa shaida ba, domin ɗan kasuwa na iya ba masana'antar waje oda ta buga masa sunan da ya ga dama. Lambar layi-layi da ke bayan kwali ma haka take. Idan ta fara da 615, abin da take nunawa shi ne kamfanin da ya yi rajistar lambar a Najeriya yake, ba ta faɗin inda aka ƙera kayan. Abin da ya fi kusa da shaida shi ne tambarin MANCAP na hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, wato SON, wanda ake ba kayan da aka sarrafa a cikin ƙasa, tare da cikakken adireshin masana'anta da mutum zai iya takawa ya gani. SONCAP kuwa, wata shaidar ta hukumar, na kayan da aka shigo da su ne, kada a haɗa su. Haka nan kalmar Jamus da ake bugawa a hannun filaya sau da yawa tana nufin fasali ko ma'auni ne kawai.

Filayar da za ka tsaya a gabanka a ƙera maka, ka kuma rantse cewa ta gida ce, tana wurin maƙera. Akwai su a Tamburawa kusa da Kano, da Maƙera Assada a Sakkwato, da rumfunan maƙera na kusan kowace babbar kasuwar ƙauye, haka ma a Awka can kudu maso gabas. Ba kasafai ake samun ta a baje ba, oda ake bayarwa. Wanda bai san gari ba ya tambayi Sarkin Maƙera ko dattawan rumfa wane ne gwanin awartaki da almakashin ƙarfe, don maƙerin da ya ƙware a fartanya da garma ba lallai ne hannunsa ya faɗa a kan abu mai gaɓa biyu ba.

Wane aiki ne ta maƙeri ke yi da kyau? Riƙe ƙarfe mai zafi, riƙe abin da ake wa walda, zare ƙusa daga katako, murɗa wayar ɗaurin rodi da yanke ta, ja da ɗaure wayar shinge, lanƙwasa bakin kwano. A waɗannan ayyuka ta gida mai kyau tana iya daɗewa fiye da 'yar arahar shago, kuma idan ta lalace akwai wanda za a mayar wa. Filaya mai dogon siririn baki ta masu gyaran rediyo da waya, da mai ƙananan haƙora jere daidai, da mai makulli da ke damƙe abu ta riƙe da kanta, waɗannan aikin inji ne, kuma bai kamata a ɗora wa maƙeri su ba.

Maganar wuta kuwa ba ta da sassauci. Kada kowa ya taɓa waya mai wuta da filayar maƙeri, ko an naɗe hannunta da robar tif, ko an zura mata tiyo, ko an lulluɓe ta da salatif. Waɗannan don jin daɗin riƙo ne kawai, kuma baƙar robar taya ba a yi ta don tare wuta ba. Filayar aikin wuta tana bin ma'aunin ƙasa da ƙasa mai suna IEC 60900: ana gwada kowace ɗaya da bolt 10,000 kafin a amince a yi aiki da ita har zuwa bolt 1,000, sannan a buga mata alamar kusurwa uku guda biyu a haɗe, da rubutun 1000 V. Wutar gidajenmu bolt 230 ce, ta kuma isa ta kashe mutum. Kishin kayan gida ba ya shiga nan, mai wayarin ya sayi wadda aka gwada, ya kuma yar da ita ranar da robarta ta tsage.

Yanzu ga abin da ya fi muhimmanci wajen ba da oda, wato irin ƙarfen. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar ƙarfe ɗaya a yi kowane irin aiki da shi.

Awartakin riƙe ƙarfe mai zafi da ƙarfe mai laushi ake yin sa, sandar milimita 16, tsawon santimita 40 zuwa 50. Dalili shi ne kullum yana ɗaukar zafi ana tsoma shi a ruwa. Ƙarfe mai laushi ba ya damuwa da haka. Idan aka yi shi da sifirin mota, ranar da bakinsa ya yi ja aka jefa shi a ruwa zai yi tauri kamar kwalba, ya tsage a gindin baki, wataƙila ma da jan ƙarfe a cikinsa.

Filayar yanka kuwa akasin haka take. Rodi ba ya yi, domin kabon da ke cikinsa, wato sinadarin da ke sa ƙarfe ya iya taurara, kaɗan ne, kusan kashi 0.25 cikin ɗari ko ƙasa da haka, kuma da yake daga narkakkun tarkace ake yin sa, sanda biyu daga ɗauri ɗaya ma ba sa zama iri ɗaya. Duk ban-ruwan da aka yi masa, wato zafafa shi a tsoma don ya taurara, bakinsa zai lotsa a ƙusa ta farko. Abin da ya dace shi ne sifirin mota, faifai ko naɗaɗɗe, mai kabon wajen kashi 0.6 cikin ɗari da ɗan sinadarin kuromiyam. Tsohon magagari yana da kabon fiye da kashi 1, yana yin kaifi sosai, amma gautsinsa ya yi yawa ga abin da za a matsa da ƙarfin hannu biyu. Mai saye zai iya tantancewa da kansa idan akwai giranda kusa. Ƙarfe mai laushi yana fitar da tartsatsi dogaye marasa rassa, na sifirin kuwa tartsatsinsa gajeru ne masu fashewa a ƙarshe kamar taurari. A kuma goge guntun sifirin a duba shi a rana kafin a fara, domin wanda ya karye a jikin mota sau da yawa yana ɗauke da ƙananan tsage kusa da inda ya karye, kuma wuta ba ta haɗe su.

Ban-ruwa shi ne ke raba gwani da ɗan koyo, kuma muna ba mai oda shawarar ya zauna ya ga an yi shi. Bayan an gama ƙira, a sa ƙarfen ya yi ja a bar shi ya huce a iska, sau biyu ko uku, domin ya saki wahalar duka. Sai a gyara bakin yanka da magagari tun yana da laushi, har ɓangarorin biyu su haɗu daga farko zuwa ƙarshe. Kada a sirantar da shi kamar aska. Bakin filaya kaurin kurfi yake so. Daga nan a zafafa baki kaɗai, kamar santimita 2 zuwa 3, har maganaɗisu ya daina kama shi, wanda ke faruwa a wajen digiri 770, a ɗan ƙara kaɗan zuwa 820 ko 850. A yi wannan a inuwa, don a tsakar rana ido ba ya ganin launin ƙarfe daidai, sai a wuce gona da iri, ƙwayoyin ƙarfen su yi manya-manya, bakin ya riƙa ɓantarewa. A tsoma a mai mai ɗan ɗumi, ana motsa shi sama da ƙasa. Ruwa yana tsaga sifirin. Man gyaɗa ya fi baƙin mai na mota, wanda hayaƙinsa ke cutar da ƙirji. Kowanne aka yi da shi, a zuba a gwangwanin ƙarfe a waje, murfi na kusa, saboda yana kama wuta.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda gaggawa ke sa a tsallake. Ƙarfen da ya fito daga mai ya yi tauri fiye da kima, sai an sassauta shi nan take, kada a bari ya kwana. A goge bakin ya yi fari, a riƙa ɗumama daga wajen gaɓa a hankali, ana kallon launi yana tafiya zuwa baki. Da zarar launin busasshen kara ya iso kan kaifi, wato wajen digiri 220 zuwa 230, a sake tsomawa. Idan aka bari shuɗi ya iso, an kai digiri 300, kaifin ya tafi, sai an sake daga farko. Gaɓa da hannuwa ba a taurara su, so ake su lanƙwashe kafin su karye.

Gaɓar ma tana da nata sharuɗɗa. Ɓangarorin biyu iri ɗaya ake ƙera su, a juya ɗaya a ɗora a kan ɗaya. Wanda ya yi na dama da na hagu ba za su haɗu ba. Fuskokin da ke gogar juna su kwanta sumul. Ƙusar gaɓa ta kai milimita 8 zuwa 10, ta cika ramin, a kuma bar mata tsawon da ya kai kaurinta ɗaya da rabi don a daka mata kai. A guji wadda aka haɗa da noti, yana kwancewa. A guji wadda aka yanko daga faranti aka liƙa mata baki da walda, domin a daidai waldar take rabuwa.

Ranar karɓa, ka je da guntun wayar tagulla mai lamba 2.5, da wayar ɗaurin rodi, da ƙusa 'yar inci 2, da ƙaramin magagari. Ka rufe filayar ka ɗaga ta ga haske: bai kamata haske ya ratsa tsakanin kaifin biyu ba. Ka riƙe hannuwan filayar, ɗaya a kowane hannunka, ka girgiza gefe da gefe. Idan tana ƙwas-ƙwas, waya za ta riƙa shigewa tsakanin bakin maimakon ta yanke. Ta buɗe da hannu ɗaya ba tare da cijewa ba. Ka goga magagari a kan kaifi, ya kamata ya zame ko ya ɗan kama kaɗan. Idan ya ci ƙarfen kamar sabulu, ba a ba ta ruwa ba. Ka yanka tagulla, sannan wayar rodi sau goma, sannan ƙusar a can ciki kusa da gaɓa, inda ƙarfin yake. Ka sake duba kaifin. Lotsawa na nufin laushi, ɓantarewa na nufin ba a sassauta ba, kuma duka biyun maƙeri zai iya gyarawa a ranar. Ƙarshen hannuwan kada su haɗe idan an matse, a bar tazarar yatsa don kada su cije tafin hannu. Ta farko ka yi odar guda ɗaya, ka kai samfurin da kake so a kwaikwaya, ka yi mako biyu kana aiki da ita kafin ka ba da odar dozin ga yaran shago.

Wannan gwajin yana aiki a kan ta shago ma, sai a ƙara duba layin da ke gefenta. Wadda aka buga da injin ƙira tana da layi mai ɗan faɗi da aka goge, ta zubi kuwa layinta siriri ne kamar zare, kuma ita ce ke karyewa ɗas a nuna ciki mai kama da tsaki.

Ta maƙeri ba ta da farin shafe na masana'anta, don haka tsatsa na kama ta da wuri, musamman da damina. A shafa wa hannuwan mai tun suna da ɗumi su yi baƙi, a ɗiga mai a gaɓa duk mako, kada a bar ta a ƙasa cikin siminti. Idan gaɓar ta saki, duka biyu ko uku a kan ƙusar bisa uwar maƙera ya isa.

Muna da roƙo ga hukumomi. Abin da ke hana maƙeranmu yin filaya mai inganci iri ɗaya kullum shi ne rashin ƙarfen da aka san sinadarinsa da rashin murhun da ke auna zafi. Masana'antun Katsina da Jos da Oshogbo da aka kafa farkon shekarun 1980 rodi da waya aka gina su su yi, Ajaokuta kuma har yau ba ta narka tama ta ba mu ƙarfe ba, shi ya sa maƙeri ke dogara da abin da 'yan gwangwan suka kawo. Jihohi za su iya ajiye ƙaramin murhun ban-ruwa mai ma'aunin zafi da injin gwada tauri a manyan rumfunan maƙera, kowa ya kawo aikinsa ya biya kuɗi kaɗan. Cibiyar binciken ƙarafa ta ƙasa da ke Jos da hukumar NASENI mai kula da kimiyya da ƙere-ƙere suna da masanan da za su iya koyar da wannan da Hausa. Makarantun koyon sana'a na gwamnati kuma su fara ba maƙeran garinsu odar awartaki da filayar zare ƙusa da ta ɗaurin rodi, da sharaɗin kowace ɗaya ta ci gwajin magagari da na ƙusa kafin a biya.

Mun gode da ba mu fili.

Daga wasu maƙera da makanikai da masu aikin wayarin,
Kano.