St. Elizabeth gunduma ce, ba coci ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a kan shirinku na daren Lahadi, kuma ba zan ɓoye maka ba, raina ya ɓaci ƙwarai. Baƙon da kuka gayyato ya buɗe baki ya ce wai gwamnatin Jamaika ta kwashe kayan agajin guguwar Melissa da ta afka wa ƙasar a 2025 ta miƙa wa cocin St. Elizabeth da cocin St. James, talakawa kuwa ko oho. Mai gabatarwa bai ce masa kanzil ba, sai ma ya bi shi da "Allah ya kyauta". Haba jama'a! Duk ɗakin nan babu mutum ɗaya da zai tsaya ya duba taswira?

Ni na zauna a St. Elizabeth. Shirin nan na Technical Aid Corps da Najeriya ke tura ma'aikata ƙasashen Afirka da Karibiyan ne ya kai ni can koyar da lissafi. Yanki ne guda mai faɗi, da garuruwa da kasuwanni da masunta, hedikwatarsa Black River. Manomansa ne ke ciyar da tsibirin da kankana da tumatir da albasa da gyaɗa. St. James kuma ita ce gundumar da birnin Montego Bay yake ciki. Jamaika gundumomi 14 gare ta, su suna kiran kowace "parish", kuma 7 daga ciki sunansu da St. ya fara. Idan aka ce an kai agaji St. Elizabeth, mutanen da iska ta yaye wa rufin kwano ake nufi.

Matar da na yi haya a gidanta 'yar ɗarikar Adventist ce, ranar Asabar take ibada. Maƙwabcinmu ɗan Rasta ne, ban taɓa ganin ya taka ƙofar wata majami'a ba. Ni kuma Musulmi, ina shimfiɗa dardumata a baranda. Mu duka adireshinmu ɗaya ne, St. Elizabeth. Lokacin da mai gidan ta so ƙara ɗaki, ofishin majalisar gunduma ta kai takardun gini, aka buga mata hatimi. Da kwatar layinmu ta toshe, kansila muka je muka dama wa lissafi, kuma shi ƙuri'a ce ta kawo shi. Babu limamin cocin da ya sa baki. Har masallacin da na taɓa yin Juma'a a Spanish Town, in za ka aika masa wasiƙa sai ka rubuta St. Catherine a bayan ambulan. Shi ma baƙon naku coci zai kira shi?

Da ya ce a da can ne, da na yi shiru, don maganar tana da tushe. Bayan Ingila ta ƙwace tsibirin daga hannun Sifaniya a 1655, ta kawo tsarinta na gida, inda iyakar yankin cocin Angilika ita ce iyakar mulki. Limamin coci da masu dukiyar yankin su ke zama a kwamiti ɗaya, su yanka haraji, su gyara hanya, su kula da gajiyayyu. To amma yaushe rabon duniya da wannan? A 1865 wani mai wa'azi, Paul Bogle, ya ja talakawa zuwa kotun Morant Bay, a daidai lokacin da irin wannan kwamiti ke zama a ciki. Gwamna Eyre ya murƙushe su, aka kashe mutum fiye da 400. A 1866 aka rushe kwamitocin, a 1867 aka rage gundumomin daga 22 zuwa 14, a 1870 kuma aka raba cocin Angilika da gwamnati. Suna kawai ya rage. Abin dariya ma, babban cocin Angilika na Black River sunan St. John gare shi. Haka jihar Luwiziyana ta Amurka take da irin waɗannan gundumomi 64. A nan gida idan aka ce an tura kuɗi Malam Madori a Jigawa, wa zai ce tsangayar wani malami aka ba?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne abin da ya biyo baya. Kafin azahar ɗin Litinin an yanko muryar baƙon nan tana yawo a WhatsApp, wani har ya ƙara mata gishiri, wai ga yadda ake yi a ƙasashen Kirista, coci ke cinye haƙƙin talaka. Ni da kaina sai da na yi ta musu da dattawan majalisarmu bayan la'asar, suna ce mini ai a rediyo suka ji. Kai ka san ƙasar nan, Malam Edita, ka kuma san abin da irin wannan magana ke iya haddasawa tsakanin maƙwabta. Ina roƙonku ku fito a wannan shirin, a daidai wannan lokacin, ku gyara, kada ku cusa gyaran cikin ƙarshen labarai inda ba mai ji.

Tunda na riga na ɗauki alƙalami, don Allah ku yi wani abu game da tallan maganin basir ɗin nan da ke katse shirin a tsakiyar magana. Ƙararsa ta ninka ta mai gabatarwa, dole mutum ya zabura ya rage rediyo, kafin ya ƙara an wuce abin da yake son ji.

Naku mai saurare,
Wani tsohon malamin makaranta, Zariya