Wasiƙa Daga Sakkwato: Kafin A Sa Sunanka Cikin Amintattu

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da sauran 'yan'uwa da ke nan Legas. Mu ma lafiya lau, sai dai zafi. Ka san watan Afrilu a garin nan, kafin hantsi ya dubi ludayi kowa ya nemi inuwa, ga wuta ba ta zama. Inna tana gaishe ka, ta ce a tambaye ka ko ka manta hanyar Gidan Igwai ne.

Kuɗin da ka aiko wa ƙungiyarmu ta kula da tsofaffi sun shiga asusu, ma'aji zai turo maka rasit. Allah Ya saka da alheri, Ya sa a mizani. Sai dai maganar da ka ƙara daga ƙasa, wai in ana neman ƙarin amintattu a sa sunanka kawai, kai ba sai ka halarci taro ba, ita ce ta sa na ga wannan ba zancen waya ba ne. In dai a haka ne, ban yarda ba. Ka yi haƙuri ka ji dalili.

Lokacin da za mu yi rajista da hukumar CAC mai yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, lauyan da ya taimaka mana ya zaunar da mu ya bayyana mana abin da dokar kamfanoni ta 2020 ta ɗora wa amintattu, har jikin wasunmu ya yi sanyi. Ana buga sunayen a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko wani yana da ƙorafi. Da zarar satifiket ya fito, duk abin da ƙungiya ta mallaka, fili ko mota ko kuɗin banki, yana hannun amintattu, kuma da sunansu ake kai ƙungiya ƙara. Kowace shekara sai an miƙa wa hukumar bayanin kuɗi. Ba a raba wa 'yan ƙungiya ko kwabo daga abin da ya shigo, kuma ɗan majalisar gudanarwa ba ya riƙe muƙami mai albashi a cikinta, iyaka a mayar masa da abin da ya kashe daga aljihunsa wajen aiki. Ga kuma sashe na 839, wanda aka yi ta ce-ce-ku-ce a kansa bayan Buhari ya sa wa dokar hannu, domin ya buɗe hanyar dakatar da amintattu a naɗa masu riƙon ƙwarya idan aka ga almundahana ko sakaci. To ka gani, in wani abu ya lalace a Mabera kana zaune a Agege, ba ka san hawa ba ba ka san sauka ba, kana cikin waɗanda za a nema.

Amma ba tsoron hukuma ne ya fi damuna ba. Abin da ya fi damuna kunya ce, irin tamu.

Ka san Baba Alhaji da ya kafa wannan aiki. Tun shekarar ambaliyar 2010, da ruwa ya yanke hanyar jami'a ya kori mutanen ƙauyukan bakin gulbi, shi ya fara bin tsofaffin da aka bari a makarantu da kwanon tuwo da kuɗin aljihunsa. Babu mai zarginsa da cin ko sisi, hasali ma nasa ya fi ƙarewa a ciki. Sai dai har aka yi shekaru shi ne shugaba, shi ne ma'aji, makullin sito yana aljihun rigarsa, sunayen masu karɓa kuma suna cikin kansa. Da ya kwanta jinya, buhunan gero na jibge a sito, amma ba wanda ya san tsohuwar da ake kai wa a Rijiyar Ɗorowa, balle wanda ake saya wa maganin hawan jini a Minannata. Ban da wannan, Baba mutum ne da ba ya iya cewa a'a. Wani zai zo ya durƙusa ya ce a sa gyatumarsa, alhali 'ya'yanta suna da shaguna a babbar kasuwa, Baba ya ce a sa. Mu kuwa da muka tashi muna cire takalmi kafin mu gaishe shi, wa zai buɗe baki ya ce, "Baba, ina rasit?"

Hanyar da muka bi ita ce ta liman, wanda sa'ansa ne kuma abokin karatunsa. Shi ya same shi su biyu, bayan haka aka kira taro. A nan liman ya kawo hadisin Ibnul Lutbiyya da ke cikin Bukhari da Muslim: mutumin da Annabi (SAW) ya aika karɓo zakka, ya dawo ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni. Annabi ya hau mumbari ya ce me ya hana shi zama a gidan ubansa da uwarsa ya ga ko za a kawo masa kyautar. Liman ya ce in har an yi wa sahabi lissafi, ba wanda lissafi zai rage wa daraja a cikinmu. Baba da kansa ya ciro makullin ya ajiye a kan tabarma. Yanzu shi ne uban ƙungiya, ba a yanke babbar magana sai an ji ta bakinsa, amma ba ya sa hannu a cek.

Daga nan muka rubuta ƙa'idoji. Mutum uku ke da ikon sa hannu a banki, kuɗi ba sa fita sai biyu sun sa. Wanda ya je sayen hatsi ba shi ke riƙe makullin sito ba. Shugaba yana yin shekara uku, in an sake zaɓensa ya ƙara uku, shi ke nan. In za a sayi kaya a shagon wani daga cikinmu ko na ɗan'uwansa, sai ya faɗa da bakinsa, ya fita waje a yanke shawara ba ya nan. Sunan tsoho ba ya shiga littafi sai mutum biyu sun je gidan sun gani, mai unguwa ya shaida. Amfanin wannan duka, a ganina, shi ne takarda ba ta jin nauyin kowa. Yau in babban mutum ya aiko da sunan wani, sakatare ba ya cewa na ƙi, sai ya ce ranka ya daɗe, za a tura masu dubawa kamar yadda aka rubuta. Kowa ya tsira da mutuncinsa.

To amma takarda ba ta karanta kanta. Sai an samu mutanen da za su zo taro, su buɗe littafin ma'aji, su yi tambaya mai ɗaci cikin ladabi. In rabin amintattu sunaye ne kawai na manyan mutane da ke nesa, 'yan kaɗan da suka rage za su koma gidan jiya, kowa yana kallon ƙasa. Na ga ƙungiyoyi a garin nan da saman takardarsu ya cika da masu digiri da masu rawani, amma mutum ɗaya ne ke juya komai da wayarsa.

Bari in ba ka misalin abin da zama a taro yake haifarwa. Bara wani bawan Allah ya ba mu fili a bayan gari, ya ce a gina gidan tsofaffi. Yawancinmu mun yi murna, har an fara zancen allon suna da wanda za a gayyata ya buɗe. Hajiyar da ke cikinmu, tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, ita kaɗai ta ce a dakata a tambayi waɗanda za a gina wa. Aka bi gida-gida. Wata tsohuwa a Ƙofar Marke ta ce wa masu tambaya, "Ku da kunka zo taimako, ɗauke ni za ku yi daga cikin jikokina? In magani kuka iyawa, ku kawo man shi nan." Kusan duk amsar ke nan. Tsohon Bahaushe ya fi son ɗakinsa ko da yana yoyo, kusa da masallacin da ya saba da maƙwabtan da za su leƙo shi, kuma 'ya'yansa ba za su jure a ce sun kai shi gidan ajiya ba. Muka koma wurin mai filin, ya yarda a mayar da shi waƙafi, a gina shaguna, kuɗin haya su tafi ga magani da gyaran rufin ɗakuna kafin damina. Ba don macen nan tana da kujera da ƙuri'a ba, da yanzu muna gadin ginin da ba kowa. Shi ya sa muka ƙara yawan mata a majalisa, don mafi yawan waɗanda muke kula da su mata ne da mazansu suka rasu, kuma akwai abin da tsohuwa ba za ta taɓa faɗa wa namiji ba.

Maganar ba ta mutu gaba ɗaya ba kuwa. Akwai tsofaffin da rashin tsaro ya koro daga wajen Isa da Sabon Birni, suna kwana a kangaye, ba su da ɗakin da za a gyara musu. Wasunmu na ganin ko don su a kama hayar gida. Har yanzu ana kai ruwa rana a kai, ni kaina ban tsaya a gefe ɗaya ba.

Sai batun kuɗi, wanda fagenka ne. Littafin zakka daban yake da na sadaka da na kuɗin wata na 'yan ƙungiya. Malamanmu sun ce zakka ta tsaya ga waɗanda aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambata, don haka muke miƙa ta hannun mabuƙata kai tsaye, man mota da kuɗin takardu kuwa daga kuɗin wata suke fita. Wahalar ita ce masu bayarwa sun fi son azumi, sun fi son buhun shinkafa da hoto. Ba mai marmarin biyan kuɗin maganin suga a watan Safar, alhali tun da aka cire tallafin mai a 2023 magani ne ya fi cin asusunmu. Ciwon hawan jini ba ya jiran Ramadan, in aka yanke magani sai ka ji an ce ɓarin jiki ya shanye. Hoton ma mun hana, sai da yardar mai shi, kuma ba a ɗaukar tsoho yana miƙa hannu. Mun rasa mai bayarwa ɗaya saboda wannan, ban kuma yi baƙin ciki ba.

Muna so takardunmu su daidaita sosai domin mu iya tunkarar Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha da maganar haɗin gwiwa, da kuma cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa da ke Abuja, wadda aka sa wa dokarta hannu a 2018 ta fara aiki a 2021. Duk inda ka je abin da za a fara tambaya shi ne bayanin kuɗin da akanta ya duba.

To ga abin da nake roƙonka. In kana son zama amintacce na gaske, bisimillah, amma za ka shiga taron kowane wata uku ko ta bidiyo ne, ka karanta rahoto kafin ranar, ka zo babban taron shekara da ƙafarka. In aiki ba zai bari ba, akwai abin da ya fi wannan amfani gare mu: kai akanta ne, ba ka cikin majalisa, ba mai binka bashin kunya a nan. Ma'aji zai riƙa turo maka bayanin banki da hoton littafin sito duk ƙarshen wata, ka gwada su, duk inda ba su haɗu ba ka rubuto wa majalisa kai tsaye, ba ni ba. Na riga na shaida wa ma'aji zan nemi haka daga gare ka, ya ce ya fi kowa so.

Ka yi shawara ka ba ni amsa kafin taronmu na gaba, don in sa cikin ajanda. In kuma ka san inda ake samun keken guragu na hannu da sauƙi a can, ka tambayo mana farashi har da kuɗin mota zuwa Sakkwato.

Ka gaida uwargida da yara, da Malam na masallacinku. Allah Ya sada mu da alheri.

Naka har kullum,
Amininka na Sakkwato