Hajiya, me za mu ce wa waɗannan ma'aurata?

Assalamu alaikum Hajiya, ya aiki, ya zafin bazara? Mu ungozomai ne da ma'aikatan jinya a nan Damagaram. Akwai tambayar da matan aure suka fara kawo mana cikin raɗa in sun zo awo, kuma ta fi ƙarfin abin da aka koya mana.

Wasu ma'aurata, bisa yardar juna, suna wani wasa a shimfiɗa inda ɗaya ke miƙa wuya ɗaya ke riƙe da ragama: ɗaure hannu da ɗankwali ko igiya, rufe ido, ɗan duka da ba ya barin rauni. A intanet BDSM ake ce masa. Kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a 2022 bai sa shi cikin ciwon ƙwaƙwalwa ba, muddin manya ne, da yarda, kuma babu cutarwa. Abin da ke damunmu shi ne halin da mai miƙa wuyan, mace ce ko namiji, kan shiga in wasan ya yi nisa.

Sai ta ji jikinta ya yi sakayau kamar tana shawagi. Zafi ya daina isowa gare ta, awa guda ta zame mata minti goma, ido ya lumshe, harshe ya yi nauyi, ko a kira sunanta sai da ƙyar ta amsa. Ana zaton jiki ne ke zubo sinadaransa na tashin hankali da na kashe zafi, ɓangaren gaba na ƙwaƙwalwa, mai auna abu ya yanke shawara, ya yi sanyi na ɗan lokaci. Binciken da Brad Sagarin da abokan aikinsa suka fitar a Amurka a 2017, kan mutum 14 kacal, ya nuna masu miƙa wuya sun ja baya a gwajin tattara hankali bayan wasan. Da yawa suna jin daɗin yanayin, wasu ma dominsa suke yi.

To amma wadda ta kai nan ba ta iya cewa "bari". Shirunta ba yarda ba ne, kuma "eh" ɗin da ta ce a lokacin ba abin riƙewa ba ne. Shi ya sa muke ce musu a gama magana tun da rana, ido biyu: me za a yi, me ba za a yi ba, wace kalma ce ta tsayawa. A ba ta makullai ta riƙe, in ta sake su suka faɗi an tsaya ke nan. Duk bayan 'yan mintoci maigida ya matsa hannunta sau biyu. In ba ta rama ba, ya kwance ta. Ɗauri ya zama yatsu biyu na shiga ƙarƙashinsa, almakashi yana kusa, ba a barin ta ita kaɗai, wuya kuwa ba a taɓa shi ko da wasa. Akwai jijiya da ke zagaya bayan dantse, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. In igiya ta danne ta, hannu kan saki daga wuyansa makonni ko watanni, ita kuma ba za ta ji komai ba sai aikin gama ya gama. Mai ciki, mai sikila, mai farfaɗiya, da wanda ya sha tramol ko giya, muna hana su kai tsaye. Zafin garin nan kan haura digiri 40 a watan Afrilu, ƙishirwa kaɗai na iya sumar da mutum.

Bayan an gama kuma, ana zaton sinadaran kan sauka. Cikin 'yan awoyi, wani lokaci sai bayan kwana biyu, ta kama kuka ba dalili, rawar sanyi, kasala. Ruwa, fura ko dabino, mayafi, da zama kusa da ita ana lallashi, su ne maganin. Nan ne wasu gidaje ke cewa iska ce, a nufi wajen ruƙiyya, ita kuma kunya ta hana ta faɗin mafari.

Ga inda muka tsaya, Hajiya. Alamun suma mun san su: gumi mai sanyi, jiri, tashin zuciya, a kwantar da ita a ɗaga ƙafafu, in ba ta farfaɗo cikin minti ɗaya ba a kai ta asibiti. Amma ta yaya za mu rarrabe wancan yanayi na shawagi da na macen da aka taɓa yi wa fyaɗe, wadda ke sandarewa hankalinta ya bar ɗakin saboda tsoro? Daga waje kusan kamarsu ɗaya. Wace tambaya za mu yi wa mace, ba tare da mun kunyata ta ba, mu gane ko ra'ayinta ne, ko tsoron kishiya da saki ne ya sa ta yarda? Mu nemi ganin mijin, ko hakan zai jawo mata fitina? Sannan muna so ki ji ta bakin malamai kan inda iyakar halal take a nan, tunda addini ya hana cuta da cutarwa, kuma matan suna tambayarmu.

Allah ya ƙara basira, ya saka da alheri.

Naki,
Wasu ma'aikatan lafiya, Damagaram