Wasiƙa daga Jidda

Assalamu alaikum, aminina,

Bayan dubun gaisuwa, ina fata kana lafiya, da uwargida da yara. Saƙonka ya iso ta hannun masu Umara, yaji da kilishi. Kilishin dai bai kwana biyu ba. Allah Ya bar zumunci.

Na ga ka sake tono maganar allurar korona, wai an yi wa mutum sau biyu kuma ya kamu, to ina amfaninta? Tunda ɗibar jini ce sana'ata, bari in gaya maka yadda masana ke auna abin da jinin masu bayarwa, ka daina kayar da ni a majalisa ba na nan.

Ka san ƙarangiya. Haka ƙwayar cutar take, ƙayoyi a waje, ƙunshi a ciki. Allurar Pfizer da aka fara yi a nan Saudiyya a Disamban 2020, da AstraZeneca irin wadda ta iso muku a Maris 2021, ƙayar kawai suke nuna wa jiki. Wanda aka yi wa allura, garkuwarsa ƙaya ta sani, alamar ƙayar kawai ake gani a jininsa. Wanda kuwa cutar ta shige shi, jikinsa ya ga har ƙunshin, sai wata alama ta biyu ta zauna a jininsa. Mai ba da jini kuma yakan dawo bayan 'yan watanni. In wancan karon babu alamar, yanzu ga ta, an san ya kamu a tsakani ko da atishawa bai yi ba. Daga nan sai kwatanci. A ce cikin mutum 100 marasa allura 20 suka kamu, cikin 100 masu allura kuma 5, allura ta rage kamuwa da kashi 75 ke nan. Misali na buga fa, kada ka je ka ce na ba ka alƙaluma.

Ni ma sai da jinina ya tona mini asiri. A farkon 2022, lokacin nau'in korona na Omikron, na sa abokin aikina ya gwada nawa don son sani kawai. Ni da nake cika baki, allura uku, manhajar Tawakkalna, wadda ke nuna shaidar allura a waya, tana nuna kore duk ƙofar da na je. Sai ga alama ta biyu ɓaro-ɓaro. Na yi ta tunani, da ƙyar na tuno wani ƙaiƙayin maƙogwaro na kwana biyu da na ɗora wa iyakwandishan laifinsa.

To a nan kana da rabin gaskiya: da Omikron ya zo, kariya daga kamuwa ta ragu ƙwarai. Amma hana ciwon kai mutum ga gadon asibiti da bututun iska, wannan ta fi riƙewa, kuma ba a layinmu ake ganinsa ba. Mu dai, masu lafiya ne ke zuwa mana, mai shekara 18 zuwa sama, wanda ya kai kilo 50, yawanci maza. Tsoho mai ciwon suga ba ya miƙa mana hannu. Alamar ta biyun ma takan dushe in an daɗe. Ga kuma wanda aka yi wa Sinopharm, wadda gawar ƙwayar ce ɗungurungum, shi alama biyun duka yake nunawa, dole a ware shi daga lissafi.

Azumi ya matso, masu bayarwa sukan yi ƙaranci, sai bayan tarawihi layi ke motsi, don haka in ka ji ni shiru, aiki ne. Ka gaida Inna, ka ce mata zan ba wa mai dawowa dabinon Ajwa da zamzam ɗinta. Kilishi kuwa, a ƙaro.

Naka,
Amininka na Jidda