Kwana 381 a Ƙafa: Wasiƙa Zuwa ga Ɗana Sadiƙu

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, karatu kuma yana tafiya daidai. Mu nan gida kowa lafiya lau, alhamdu lillahi.

Saƙonka ya iso, na kuma ga hoton da ka haɗo da shi, na Rosa Parks zaune a cikin bas tana kallon taga, wani farar fata a kujerar bayanta. Ka ce ƙungiyarku ta ɗalibai ta ba ka sakatare, kuna shirin ƙaurace wa motocin da ke jigilarku saboda ƙarin kuɗi, har kana cewa ai mace ɗaya ma ta girgiza Amurka da ƙin tashi daga kujera. To ka fara da sanin cewa ba ranar da aka kama ta aka ɗauki hoton nan ba. An ɗauke shi ne ranar 21 ga Disamba 1956, bayan an gama komai, kuma mutumin da ke bayanta ɗan jarida ne. Tsakanin kamun da hoton akwai shekara guda da kwana ashirin. Aikin da aka yi a wannan tsakanin nake so ka sani kafin ka sa hannu a kan kowace takarda.

Ga yadda bas take a birnin Montgomery na jihar Alabama a lokacin. Kujeru goma na gaba na farar fata ne, ko da babu kowa a kansu. Baƙar fata zai shiga ta ƙofar gaba ya biya senti 10, sannan sau da yawa direba ya sa shi ya sauka ya zagaya ta ƙofar baya, wani lokaci ma motar ta tashi ta bar shi da kuɗinsa a ciki. Idan gaba ta cika, sai a ta da layin baƙar fata na tsakiya gaba ɗayansa don mutum ɗaya ya zauna. Amma fa kusan kashi uku cikin huɗu na fasinjojin kamfanin baƙar fata ne. Nan ƙarfinsu yake. Ƙauracewa ba ta cin wanda ba da kuɗinka yake rayuwa ba, don haka lissafin farko da za ku yi shi ne: cikin abin da masu motocin nan ke samu a rana, nawa ne daga aljihunku? In za su iya juya motocinsu su kwashi 'yan kasuwa su manta da ku, kun sha rana a banza.

Ita Rosa Parks ba gajiya ce ta zaunar da ita ba. Tela ce mai shekara 42, amma tun 1943 take sakatariyar reshen ƙungiyar NAACP mai kare haƙƙin baƙar fata a garin, ita ke rubuta ƙorafe-ƙorafen waɗanda aka zalunta. Ba ita ce ta fara ba ma. Ranar 2 ga Maris 1955 an kama wata ɗaliba 'yar shekara 15, Claudette Colvin, a kan laifi iri ɗaya. Da aka ɗaukaka ƙara, sai alƙali ya yi wayo ya soke tuhumar karya dokar wariya, ya bar ta cin zarafin ɗan sanda kawai, ka ga babu sauran ƙofar da za a bi a ƙalubalanci dokar kanta. Shugabanni suka haƙura suka jira. Wata malamar Turanci a kwalejin baƙar fata ta jihar, Jo Ann Robinson, tun watan Mayu 1954 ta rubuta wa magajin gari cewa in ba a gyara ba mutane za su daina shiga bas. Ƙungiyarta ta mata ta riga ta tsara yadda za a raba takardu unguwa-unguwa. Shi ya sa da aka kama Rosa Parks ranar Alhamis 1 ga Disamba 1955, E. D. Nixon, wani jigon baƙar fata a garin, ya je ya yi belinta, ita kuma malamar ta kwana a kan injin gurza takardu, kafin gari ya waye an fitar da kimanin 35,000. Ba a fafe gora ranar tafiya, Sadiƙu.

Ka lura da abin da takardar ta nema: a ƙaurace wa bas na yini ɗaya tak, Litinin 5 ga Disamba, ranar shari'a. Gwaji ne. Da suka ga motoci suna wucewa fayau babu kowa, kotu kuma ta ci Rosa Parks tarar dala 10 da kuɗin shari'a dala 4, sai a ranar suka kafa sabuwar ƙungiya, suka tara dubban mutane a cocin titin Holt da dare, aka tambaye su ko a ci gaba. Jama'a ce ta amsa da bakinta. Martin Luther King da aka ba shugabanci shekararsa 26, bai daɗe da zuwa garin ba, kuma wannan na cikin dalilan zaɓensa, domin bai riga ya shiga rigingimun manyan gari ba, babu ɓangaren da zai ce na wancan ne.

Buƙatunsu uku ne, kuma za ka yi mamakin ƙanƙantarsu. Direbobi su riƙa mutunta fasinja. Wanda ya riga zuwa ya zauna, baƙar fata su fara cikawa daga baya, farar fata daga gaba, ba mai ta da wani. A ɗauki direbobi baƙar fata a hanyoyin unguwanninsu. Ko soke wariyar ba su nema ba da farko. Da hukumar gari ta ƙi ko wannan ɗin, duk mai kallo ya gane inda taurin kai yake.

Yanzu ga inda aikin yake, sufuri. Mai wanki da girki a gidan farar fata dole ta isa wurin aiki da sassafe, in ba haka ba a sallame ta, kuma ranar da yunwa ta shiga gida ƙauracewa ta mutu. Da farko masu tasi baƙar fata suka yarda su riƙa ɗaukar mutum a senti 10, kuɗin bas. Cikin 'yan kwanaki hukuma ta zaro wata doka da ta ce tasi ba ya ɗaukar fasinja ƙasa da senti 45, ta ce za ta kama duk wanda ya saɓa. Sai King ya kira wani fasto, T. J. Jemison, wanda ya jagoranci irin wannan ƙauracewa a Baton Rouge a 1953, ya tambaye shi yadda suka yi. Daga nan aka tara motocin masu sa kai kusan 300. Aka ware tashoshi 48 na ɗiban mutane da safe a unguwannin baƙar fata, yawancinsu coci-coci, domin mai jira ya sami wurin zama da mafaka daga sanyi, da wasu 42 na kwaso su da yamma a unguwannin da suke aiki. Na yamman ne suka ba da wuya, don babu cocinsu a can, sai da aka nemo ma'aikatan gidan waya baƙar fata waɗanda suka san garin lungu-lungu suka zana taswirar. Ka ga wanda ya ceci tafiyar a nan ba mai iya jawabi ba ne, mai raba wasiƙu ne.

Motar mutum tana lalacewa, mai ita yana gajiya, saboda haka daga baya aka sayi sababbin motoci ƙirar wagon fiye da goma, aka yi musu rajista da sunan coci-coci, aka ɗauki direbobi na albashi. Sai kamfanonin inshora na yankin suka dinga soke takardun motocin, mota kuwa ba inshora ba ta hawa titi. Wani baƙar fata dillalin inshora a Atlanta, T. M. Alexander, shi ya samo musu daga Lloyd's ta Landan. 'Yan sanda kuma suka sa direbobi a gaba da tara kan laifin da bai taka kara ya karya ba. Ita malama Robinson takardar tara 17 aka yanka mata cikin ɗan lokaci, King kuma aka kulle shi ranar 26 ga Janairu 1956 wai yana gudun mil 30 a inda aka ƙayyade 25. Duk da haka dubbai a ƙafa suka yi ta tafiya, cikin sanyi da ruwan sama. Wani abin dariya, matan farar fata da yawa da kansu suke zuwa ɗauko masu aikinsu a mota, magajin gari yana ta roƙon su daina, su kuwa ba mai son ta koma wanke-wanke.

Mai, taya, gyara, albashi, beli, duk kuɗi ne, kuma da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ana taro sau biyu a mako, Litinin da Alhamis, ana zagaya coci-coci, a nan ake tara gudummawa, a nan ake sanar da abin da ake ciki. Wata mai girki, Georgia Gilmore, ta haɗa mata suna sayar da abinci da kek suna kawo ribar, ita kaɗai ke miƙawa don kada a san sunayen sauran a kore su daga aiki. An rarraba kuɗin ƙungiya a bankuna daban-daban, har da na wajen jihar, gudun kada kotu ta rufe asusu ɗaya komai ya tsaya. Ga kuma wanda ya shafe ka kai tsaye: a watan Yuni 1956 sakataren ƙungiyar da kansa, wani fasto U. J. Fields, ya fito ya zargi shugabanni da cin kuɗi. Daga baya ya janye ya nemi gafara a gaban taro, amma ƙiris ya rage a watse. Don haka kowace naira da ta shigo ka rubuta ta a littafi, mutum biyu su sa hannu, a karanta lissafi a gaban jama'a duk mako ko ba wanda ya tambaya. Kada kuɗin ƙungiya ya kwana a asusunka ko dare ɗaya.

Za a kuma gwada ku da ƙarya. Wata Asabar a Janairu 1956 hukumar gari ta zauna da wasu fastoci uku da ba sa cikin ƙungiyar, ta ba jarida labarin cewa an sasanta. Shugabanni suka ji tun da dare, suka bazu har gidajen rawa suna faɗa wa mutane ƙarya ce, da safe kowane fasto ya maimaita a cocinsa. Litinin motoci suka fita wayam. Ku da kuke zamanin WhatsApp, ƙarya ta fi saurin tafiya. Ku tsayar da baki ɗaya da sanarwa ke fitowa daga gare shi, kowa ya san shi tun ranar farko.

Ranar 30 ga Janairu aka jefa bam a gidan King, matarsa da jaririyarsu suna ciki, Allah ya kiyaye. Mutane suka taru a fusace, wasu da makamai, ya fito baranda ya ce kowa ya koma gida. Da an taɓa ɗan sanda ɗaya a daren nan, da an sami hujjar murƙushe su. A watan Fabrairu aka tuhumi mutum 89 da wata tsohuwar dokar 1921 mai hana ƙauracewa, sai suka sa tufafinsu masu kyau suka kai kansu ofishin 'yan sanda, jama'a na yi musu tafi.

Abin da yawancin masu ba da labarin nan ke tsallakewa shi ne, ba ƙauracewar ce ta soke dokar ba. Kamfani ya yi asara har ya ƙara kuɗin mota zuwa senti 15, amma hukumar gari ba ta rusuna ba ko sau ɗaya. Wani matashin lauya, Fred Gray, shi ya shigar da ƙara a kotun tarayya ranar 1 ga Fabrairu 1956 da sunan wasu mata, cikinsu har da Aurelia Browder da Claudette Colvin ɗin nan da aka tsallake. Bai sa Rosa Parks ba, domin shari'arta tana kotunan jiha inda za a iya jan ta shekaru. Ranar 5 ga Yuni alƙalai biyu cikin uku suka ce wariya a bas ta saɓa wa tsarin mulki. Kotun Ƙoli ta tabbatar ranar 13 ga Nuwamba, a daidai ranar da kotun jiha ta hana jigilar motocin sa kai. Da hukuncin ya yi jinkirin wata biyu, Allah kaɗai ya san yadda za ta kaya. Haka suka ƙarasa makonni biyar na ƙarshe ba motocin ƙungiya, har takardar umarni ta iso ranar 20 ga Disamba. Kwana 381 ke nan. Tafiyar ƙafa ta riƙe jama'a wuri ɗaya, ta jawo idon duniya, lauya kuma ya bi ta ƙofar da doka ta bari. Ku ma ku nemi taku ƙofar: wa ya ba masu motocin izinin aiki, me yarjejeniyarsu da makaranta ta ce game da ƙarin kuɗi, wane kwamiti ne ke da ikon sauya shi.

Ka kuma san farashin. Rosa Parks ta rasa aikinta, mijinta ma haka, barazana ta yi yawa har suka koma Detroit a 1957. Bayan nasarar an yi ta harbin motocin bas, a watan Janairu 1957 aka sa bam a coci huɗu cikin dare ɗaya. Kuma dabarar ba ko'ina take ci ba. A garin Albany na jihar Jojiya, a 1961 da 1962, an nemi a rushe wariya ta kowace fuska a lokaci guda, shugaban 'yan sandan garin, Laurie Pritchett, ya hana yaransa duka a gaban 'yan jarida, ya rarraba waɗanda ya kama a gidajen yarin garuruwan kewaye don kada nasa ya cika. Aka yi watanni ana kamu, kuɗin beli ya ƙare, King ya bar garin ba wani abin a zo a gani. Shi da kansa ya ce kuskurensu shi ne rashin tsayawa a kan buƙata ɗaya.

Ban hana ka ba, ban kuma ce ka shiga ba tukuna. Kafin ku sa rana, ka rubuto mini buƙatarku a layi biyu, da adadin ɗaliban da ke shiga motocin kullum, da yadda mai lacca ƙarfe takwas zai isa aji in bai shiga ba, musamman 'yan mata da masu zama nesa. Ku fara kai ƙorafi a rubuce ga shugaban sashen kula da harkokin ɗalibai, ku karɓi kwafi mai hatimi ku ajiye. Kada a tare hanya, kada a taɓa motar kowa, kada a tilasta wa wanda ya ga dama ya shiga. Ka kuma duba littafin dokokin makarantarku ka ga abin da ke jawo kora, ka turo mini hoton shafin.

Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce a tambaye ka ko yajin da ta aiko ya iso. Ƙannenka ma suna gaisuwa. Allah ya yi maka albarka, ya tsare.

Wassalam,
Babanka