Wa Ya Ce Rubutun Allo Ba Shi Da Ƙa'ida?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Gaskiya shirinku na rediyo na ranar Asabar ya ɓata mini rai. Baƙon da kuka gayyato ya daɗe yana yabon salon rubutun Larabci irin su Nasakhi da Sulusi da Diwani, ya ambaci Ibn Muƙla, tsohon gwanin rubutun Larabci, da ƙwararrun Turkiyya, duk babu laifi, sun cancanci yabo. Amma da aka tambaye shi rubutunmu na allo, sai ya yi 'yar dariya, wai ba shi da ƙa'ida, kowa yadda hannunsa ya ba shi. Kuma mai gabatarwa ya ƙyale shi, ko uffan bai ce ba!

Mahaifina alaramma ne, a gabana yake rubuta Alƙur'ani da ka. Shi yake feƙe alƙalaminsa na gamba, shi yake haɗa tawadarsa da ƙaro. Sai ya gama baƙi tukuna, takarda ta bushe, sannan ya ɗauko jar tawada ya bi wasulla, ya sa wa hamza rawaya, alifin sadarwa (wasli) kuma kore. Harafin fa ɗigonta a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama, kamar yadda mutanen Magrib suke yi, ga ɗigon imala na ruwayar Warshu, mai nuna a karkatar da fataha wajen kisira. Idan ya kai wajen sujada ko ƙarshen izu, sai ya tsaya ya yi zayyana a gefe, ba ya gaggawa. Bayan ya kammala kuma gwanaye su zauna su bi shi falle-falle, ɗigo ɗaya ya kauce sai an kankare an gyara. Wannan ne marar ƙa'ida? Ni kaina na sha bulala a kan haruffa irin su ain likkafa da na rufe wa ciki, da lam jaye da na karkata.

Kuma ba hannu ɗaya ba ne. Gwani yana kallon shafi zai gaya maka wannan Barnawi ne, wancan hannun Kano ne. A Barno akwai Alƙur'anin hannu mai ɗauke da tarihin 1669. A Kano ga Sharif Bala Gabari, wanda aka yi ta buga rubutunsa, almajirai ba iyaka da shi suka yi karatu. Baƙonku bai ambace shi ba ko sau ɗaya. Abin da ya fi ci mini rai, 'yata tana zaune tana ji, ta juyo ta tambaye ni ko da gaske rubutun kakanta ba daidai ba ne.

Don Allah ku nemo alaramma ɗaya daga Maiduguri ko Haɗeja, ku ba shi lokaci daidai da wanda kuka ba wancan.

Sannan tallar maganin basir ɗin nan da kuke katse shiri da ita ta yi yawa. Ana tsakiyar maganar Alƙur'ani sai ku sako ta da kiɗa, muna zaune da yara da surukai. Ku mayar da ita bayan labarai.

Wassalam.

Mai sauraronku daga Gumel